Kuɗin Naƙasa da Haƙƙin Ciyarwa: Nawa Ne na Uba, Nawa Ne na Ƴaƴa?

Ƙarar ci da sha ba baƙuwa ba ce a zauren sarki a Tasawa, ko a gidan shari'a na Mayahi. Aure ya mutu, uwa ta koma gidansu da goyo a baya da wani a hannu, uba ya yi gum, sai ta kai kuka inda za a share mata hawaye. Idan uban manomi ne, lissafin sananne ne: dami nawa ya samu bana, tiya nawa ta gero za ta riƙe yaran a wata, nawa za a ɗora na sabulu da magani. Inda magana ke cijewa shi ne in uban naƙasasshe ne, kuma abin da ke shigo masa kuɗi ne da ake ba shi saboda naƙasar. A nan za ka ji ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan kuɗin ƙafata ne, ba albashi ba ne." Ita kuma ta ce, "Allah ya ba ka nasara, yaran nan nasa ne, kuma ba su daina jin yunwa ba ranar da ya rasa ƙafa." Kowannensu ya faɗi gaskiya, amma rabinta. Abin da ake kira kuɗin naƙasa buhu ne da aka zuba abubuwa iri-iri a ciki. Duk mai sulhu ko mai hukunci da bai kwance bakin buhun ya duba gurbin me kowane kuɗi ya zo cikewa ba, to lalle zai zalunci wani, ko uban ko ƴaƴan.

Nauyin wannan dubawa a Nijar kan mutum yake, domin babu takardar da ta ɗauke masa shi. Ƙasar ba ta da kundin dokar iyali guda ɗaya. An yi yunƙurin kafa shi a farkon shekarun 1990 ya ci tura, aka sake gwadawa a 2011 aka janye. Abin da ke aiki shi ne ƙa'idar da dokar tsarin kotuna ta kafa tun 1962, aka maimaita ta a dokar 2004 da ta 2018, cewa a sha'anin aure da saki da gado alƙali yana hukunci ne da al'adar masu ƙara, tare da masana al'ada da ke taya shi zama. Al'adar Tasawa da Korgom da Kanan Bakashe kuwa al'adar Hausa ce da ta jiƙu da fiƙihun Malikiyya har ba a iya raba su. Mai gari da sarki suna da ikon sulhu, yanke hukunci kuma na alƙali ne. Babu wani jadawali da ya ce mai samun kaza zai ba da kaza. Wannan yana da amfaninsa, tunda ana iya duba halin kowane gida, amma yana nufin in mai sulhu ya fahimci kuɗin naƙasa a karkace, babu abin da zai tare kuskurensa.

To me fiƙihun ya ce? Wanda ya karanta babin ciyarwa a Risala ta Ibn Abi Zaid ko a Mukhtasar na Khalil zai lura cewa malamai ba su tsaya tambayar ta wace ƙofa dukiyar uba ta shigo ba, muddin halal ce. Gado ne, noma ne, kyauta ce, duk ɗaya. Abin da suke aunawa shi ne hali, kamar yadda aya ta 7 ta Suratul Ɗalaƙ ta ɗora ciyarwa a kan gwargwadon abin da aka hore wa mutum, kuma aya ta 233 ta Baƙara ta hana a cutar da uwa ko uba saboda ɗa. Suna da jeri kuma: mutum ya fara da abin da zai rayu da shi, sannan matarsa, sannan ƴaƴansa da ba su da dukiyar kansu, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. Daga nan abu biyu suka fito fili. Na farko, rashin abin hannu ne ke sauke ciyarwa, naƙasa ita kaɗai ba ta sauke ta. Makaho mai garken shanu a Urafan ya fi mai cikakkiyar lafiyar da fari ya cinye gonarsa nauyin ciyarwa. Na biyu, ba a taɓa abin da mutum ba zai rayu ba sai da shi, kuma abin da gurgu ko makaho ke buƙata don ya rayu ya fi na mai lafiya yawa. Kan waɗannan ginshiƙai biyu duk sauran maganar za ta zauna.

Kuɗi na farko a cikin buhun shi ne wanda ya zo a madadin albashi. Asusun kula da ma'aikata na ƙasa, CNSS, wanda aka kafa a 1965, yana biyan fanshon naƙasa ga ma'aikacin da likita ya tabbatar ya rasa aƙalla kashi biyu cikin uku na ƙarfin neman abincinsa, in ya cika sharuɗɗan shekarun rajista da zubi. Akwai kuma kuɗin da ake biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki, irin direban kamfani da mota ta kife da shi a kan hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, ko ɗan Mayahi da ya yi shekaru a ma'adinan Arlit ya dawo da hannu guda. Ma'aikatan gwamnati nasu yana hannun asusun fansho na CARENI. Duk waɗannan da albashin mutum ake lissafa su: mai babban albashi nasa ya fi, mai ƙarami nasa ya ragu, ko da raunin iri ɗaya ne. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba farashin ƙafa ake biya ba, domin da ƙafa ake saye da ƙafar manaja ba ta fi ta mai gadi tsada ba. Albashin da ya tsaya ne aka mayar masa da wani sashe nasa, kuma a cikin albashin nan, tun yana da lafiya, akwai tuwon ƴaƴansa. Akwai hujjar da ta fi wannan ƙarfi ma. Idan mai fanshon ya rasu, asusun ba ya rufe littafi, yana ci gaba da ba matarsa da marayunsa kaso. Ta yaya kuɗin da zai ciyar da yaro bayan an binne ubansa zai haramta gare shi uban yana raye? Doka ma ta bi wannan hanya. Dokar bai-ɗaya ta ƙungiyar OHADA kan karɓar bashi, wadda aka fara zartarwa a 1998 kuma Nijar ke cikin ƙasashen da ke aiki da ita, ta ba mai riƙe da hukuncin ciyarwa damar a cire masa haƙƙinsa kai tsaye daga sashen albashi ko fansho da doka ta yarda a taɓa, kuma ta sa shi gaban duk sauran masu bin bashi.

Ba mu kaɗai muka taɓa fuskantar wannan tambaya ba. A 1987 kotun ƙolin Amurka ta saurari ƙarar wani tsohon sojan yaƙin Biyetnam mai suna Charlie Rose, daga jihar Tennessee, wanda yaƙi ya naƙasa gaba ɗaya, kuma kusan duk abin da yake samu kuɗin naƙasa ne daga gwamnati. An umarce shi ya riƙa ba ƴaƴansa biyu dalar Amurka 800 a wata, ya ce doka ta kare kuɗin tsofaffin sojoji daga masu bin bashi. Kotun ta ce an tanadi kuɗin ne domin shi da iyalinsa, saboda haka kariyar ba ta zama katanga tsakaninsa da ƴaƴansa ba. Amma Amurkar dai ta raba tsakanin fanshon naƙasa na wanda ya yi aiki ya yi zubi, wanda ake cire kuɗin ciyarwa daga ciki, da ɗan tallafin da ake ba naƙasasshen da ba shi da komai, wanda ba a yarda a kama shi ba. Mutanen da ba su san Khalil ba sun ɓullo kusa da inda ya tsaya, domin matsalar ɗaya ce a ko'ina.

Kuɗi na biyu shi ne wanda uwar yara da danginta suka fi mantawa da shi, kuma a kansa ina tare da uban ɗari bisa ɗari. Shi ne kuɗin da ya zo ya tsaya a madadin gaɓar da aka rasa. A dubi keken guragu mai ƙafa uku a garin Mayahi, inda rairayin Gulbin Kaba ke cin taya har gindi. Mai shi yana murza sarƙa da hannu, gumi na zuba, keken ya yi taku biyar ya kafe, sai an samu yaro ya tura. Ƙaya ta huda taya, a kai wa mai faci. Sarƙa ta tsinke, a nemi mai gyara. Ranar zuwa likita a Maraɗi ba zai hau kabo-kabo kamar kowa ba, sai ya biya wurin mutum biyu a mota, nasa da na mai rakiya, a ɗora keken a sama a biya kuɗin kaya. Gonar da da yake nomawa da hannunsa yanzu sai ƴan ƙwadago. Duk wannan kuɗi ne da ke fita kafin ya kai loma ɗaya baki, kuma mai lafiya ba ya biyan ko dala daga ciki. Tsarin CNSS ya san da haka, shi ya sa yake ƙara rabin fansho a kan fanshon wanda ba ya iya hidimar kansa sai da mai kula da shi kullum. Faransa ta rubuta a dokarta ƙarara cewa tallafin biyan ɗawainiyar naƙasa da ta kafa a 2005 ba ya shiga lissafin kuɗin ciyarwa, Ingila ma ba ta ƙirga irin wannan tallafi a cikin samun uba. A ɗauka, don misali kawai, mutum yana karɓar jika 60 na fansho da jika 30 na mai kula da shi. Wanda ya ce samunsa jika 90 ne, ya ninka mafi ƙarancin albashin ƙasa na jika 42 har da ƙari, ya yi kuskure. Jika 30 ɗin nan na wanda ke ɗaga shi ne, ya yi masa wanka, ya kai shi bayan gida. Daga jika 60 ake fara lissafi, a cire cinsa da maganinsa, sannan a raba saura tsakanin duk waɗanda ke wuyansa, na wannan ɗaki da na wancan. In aka taɓa jika 30 ɗin, mai kula zai tafi, kuma yawanci ɗiyarsa ce za a cire daga lakwal ta maye gurbin. An karɓo wa yaro da hannun dama ke nan an ƙwace da na hagu.

Masu cewa kada a taɓa komai suna da hujjoji biyu da suka cancanci amsa. Ta farko ta shafi diyyar da kamfanin inshora ke biya dunƙule bayan haɗarin mota. Suna cewa wannan kuɗin jini ne, ladan azabar da shi kaɗai ya sha, kuma akwai ƙyama a ce wani ya ci. Na fahimci wannan ƙyama, amma fiƙihu bai gina hukunci a kanta ba. Diyyar gaɓa da zarar ta shiga hannun mai ita ta zama dukiyarsa kamar kowace dukiya, in ya mutu magada su raba. Abin da za a gada bayan rai ba zai gagari ciyarwa ba ana raye. Sai dai adalci ya ce a fara fitar da bashin asibiti da kuɗin ƙafar roba da abin da jinya za ta ci nan gaba, kuma kada a dubi dunƙulen kamar samun wata guda a yanka masa babban rabo, domin kuɗin sauran rayuwarsa ne aka ba shi a rana ɗaya. Mafi alheri a taimaka masa ya mayar da shi jari, teburin kaya ko injin niƙa ko tumakin kiwo, a ɗora ciyarwar a kan abin da jarin ke haifarwa. Hujja ta biyu ita ce ayoyin da suka ɗauke ƙunci daga makaho da gurgu da majinyaci, a Suratul Fathi da Suratun Nur. Malaman tafsiri sun bayyana cewa ta farko a kan fita yaƙi take, ta biyu a kan cin abinci a gidajen dangi. Ba su sauke wa mai hali ciyar da ɗansa ba. Ni a ganina ma, cewa naƙasasshe ba a tambayarsa haƙƙin ƴaƴansa raini ne da aka lulluɓe da tausayi. Nijar, da ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, ta kuma yi musu sabuwar doka a 2019, ta yarda cewa cikakkun mutane ne masu aure da haihuwa. Cikakken uba kuwa ana bin sa haƙƙi.

Wani zai ce, mutum nawa ne a Tasawa da Mayahi ke da fansho har da za a ɓata tawada? Gaskiya ne, kaɗan ne. Ƙidayar 2012 ta nuna fiye da mutum 700,000 ne ke da naƙasa a Nijar, kusan kashi 4 cikin 100, kuma mafi yawansu a karkara suke, ba su taɓa riƙe takardar albashi ba. Amma su ma kuɗi na zuwa musu saboda halin da suke ciki: zakka, sadakar Juma'a, aiken ɗan'uwa daga Kano ko Libiya, akuyar da wata ƙungiya ta raba, ko tallafin gwamnati. Nan ne kuɗi na uku yake, wanda aka bayar da sunan gida ko da sunan yara. Shirin tallafin da aka fara a 2011 da kuɗin Bankin Duniya, wanda jihar Maraɗi ke cikin na farko da suka amfana, ya riƙa ba gidaje matalauta jika 10 a wata har wata 24, kuma a hannun mata ake danƙa shi, da nufin ya shiga tukunya. Binciken cibiyar LASDEL ta Yamai, wanda Olivier de Sardan da abokan aikinsa suka yi kan rabon kuɗi irin wannan, ya nuna cewa sau da yawa matar na karɓa ta miƙa wa mai gida. Muddin ana tare babu gardama sosai. In aure ya mutu, rabon yaran da aka ƙirga da kawunansu lokacin rajista ya kamata ya bi su inda suke kwana, haka ma kuɗin yara da CNSS ke biyan ma'aikata. Wannan ba ma kuɗin uban ba ne tun asali, amana ce a hannunsa. Sadaka kuwa daban take. Yau a samu gobe a rasa, saboda haka ba daidai ba ne a yanka wa mai bara adadi tsayayye a wata, don kada hukunci ya zama umarnin ya dawwama a bakin titi. Amma a tuna da yaron da ke riƙe da sandar ubansa makaho daga rumfa zuwa rumfa ranar kasuwa, tun hantsi har la'asar. Abin da ya taru a ƙoƙon nan da ƙafar yaron aka tara shi, da karatunsa da ya bari. Babu sarkin makafin da ya san girman sarautarsa da zai yarda a ce yaron da ƙannensa ba su da rabo a ciki.

Haƙƙin matar ita kanta gajere ne a tsarinmu, ba kamar na Turai da Amurka ba inda ake iya biyan tsohuwar mata shekaru. Tana da ci da sha da tufafi da wurin kwana muddin da aure, da lokacin idda in sakin na kome ne, da kuma har ta haihu in tana da ciki. Kyautar sallama a Malikiyya abin so ce, ba a tilastawa. A duk wannan, fanshon miji samu ne kamar kowane samu, kuma in ya kasa gaba ɗaya, alƙali ya ba shi wa'adi, in bai samu ba ta na da damar neman rabuwa. Inda ake yawan tauye mata shi ne in ita ce naƙasasshiyar. Miji ya ga an ba ta keken ɗinki ko ana aiko mata da wani abu, sai ya janye hannu ya ce ai tana da nata. Fiƙihu bai yarda ba: ciyar da mata na kan miji ko da ta fi shi dukiya, kuma Malikiyya ba su ɗora wa uwa ciyar da ƴaƴa daga dukiyarta ba. Haka kuma ɗan da ya balaga da naƙasar da ta hana shi nema, ciyarwarsa ba ta faɗuwa daga kan uba don ya yi gemu.

Sauran kalma ɗaya da ake rufe bakin uwa da ita: "In ba za ki iya ba, maido mini ƴaƴana." Al'ada ta saba mayar da yara gidan uba bayan yaye ko in sun kai shekara bakwai, alhali Malikiyya sun bar wa uwa reno har namiji ya balaga, mace ta tare, muddin ba ta auri bare ba. Ko wanne aka bi, yaron zai ci abinci, kuma daga aljihu ɗaya. Uban da ya ce yana da abin ciyar da su a gidansa ya riga ya amsa cewa yana da abin aika musu.

Saboda haka kirana ga masu gari da sarakunan Tasawa da Mayahi, da malaman da ke zama tare da su, da alƙalai: in irin wannan ƙara ta zo, ku nemi takardar biyan kuɗin a karanta a gaban kowa, a ware na madadin albashi, da na jinya da mai kula, da na yara. Ku tambayi uban nawa naƙasar ke ci masa a wata, ku saurare shi da kyau, in da hali ku gayyato wakilin ƙungiyar naƙasassu ya zauna. Ku kuma iyaye mata, kada ku tashi daga zauren sulhu da alkawarin baki. Ku roƙi a rubuta abin da aka amince a sa hannu, a kai gaban alƙali ya tabbatar, domin da wannan takarda ce kawai za a iya cire haƙƙin ƴaƴanku daga fansho in an daina kawowa.